Arbinas Na Likiya: Ƙaramin Sarki A Inuwar Farisa

 A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ja hankalinku zuwa wani lungu na tarihin duniya wanda manhajar makaranta ba ta leƙa ba. Duk wanda ya zauna ajin tarihi ya ji labarin Daular Farisa da yaƙe-yaƙenta da Girkawa. Waɗanda ba a cika ba mu labarinsu ba su ne ƙananan sarakunan da suka zauna tsakanin waɗannan manya biyu, suna biyan haraji gabas, suna ciniki yamma, suna kuma neman yadda za su riƙe 'yar sarautarsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Arbinas, sarkin birnin Zantos a ƙasar Likiya, wanda ya yi mulki wajajen shekarun 390 zuwa 370 kafin Miladiyya. Daga nan zan riƙa taƙaita wannan lissafi da K.M., kuma a tuna cewa baya-baya yake tafiya. Tambayar da labarinsa ya sa a gabana ita ce: idan ƙaramar al'umma ta sami kanta ƙarƙashin babbar daula, me take iya riƙewa, me kuma yake suɓuce mata?

Ina Ce Likiya?

Likiya tana kudu maso yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, inda ƙasa ta kutsa cikin Bahar Rum tsakanin garin Fetiye da na Antaliya. Ƙasa ce ta duwatsu, wasu sun haura mita 3,000, sai kwaruruka 'yan kaɗan masu albarkar noma. Mafi girmansu shi ne kwarin kogin Zantos, kuma a nan babban birnin yake. Girkawa ne suka kira ƙasar Likiya. Mutanenta Tirmili suke kiran kansu, birnin Zantos kuma Arna suke ce masa. Shi kansa Arbinas, sunansa da harshensu Erbina ne.

Suna da harshensu wanda yake dangin harshen Hittiyawa na dā, suna kuma rubuta shi da haruffa 29 waɗanda suka samo akasarinsu daga na Girkawa. Abin da ya fi bambanta su da maƙwabtansu shi ne yadda suke ajiye mamatansu. Manyansu ba sa son a sa su cikin ƙasa. Wasu akan sassaƙa musu ɗaki a jikin tsauni mai kama da gidan katako, wasu kuma akan kafa doguwar hasumiya ta dutse guda, a ɗora ɗakin gawa a ƙolinta. A riƙe wannan al'ada, don za mu dawo kanta.

Yadda Farisa Ta Shigo

Bayan Sarki Sairus na Farisa ya ci birnin Sardis wajajen 546 K.M., sai ya tura babban kwamandansa Harfagus ya murƙushe sauran garuruwan gaɓar teku. Hirodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin abin da ya faru da Harfagus ya iso Zantos. Mutanen garin suka fito fili suka gwabza, ga su 'yan kaɗan. Da aka fi ƙarfinsu sai suka koma cikin ganuwa, suka tara mata da yara da bayi da dukiya wuri ɗaya suka cinna wuta, sa'an nan suka yi rantsuwa suka fito suka yi ta yaƙi har aka kashe su duka. Ya ce gidaje 80 kaɗai suka tsira, don ba sa gari a lokacin, kuma su da baƙin da suka zo daga baya ne suka sake raya birnin.

Waɗanda suka gaje su sun ɗauki wata hanya dabam. Farisa ba ta damu da ta zauna ta mulki kowane ƙauye da kanta ba. Abu biyu take nema, haraji da mayaƙa. A lissafin Hirodotus, Sarki Dariyus ya haɗa Likiya da wasu maƙwabtanta cikin lardin haraji guda mai biyan talanti 400 na azurfa kowace shekara, talanti ɗaya kuwa ya haura kilo 25. A 480 K.M., sa'ad da Sarki Zaksis ya kai wa Girka yaƙi, Likiya ta ba da jiragen ruwa 50. Muddin waɗannan biyu suna zuwa, sarakunan gida suna nan kan gadonsu. Mu da muka karanta yadda Turawan Ingila suka mulki Arewa ta hannun sarakuna bayan 1903 ba za mu sha wuyar gane tsarin ba. Sai dai igiyar Farisa ta fi tsawo, domin sarakunan Likiya suna buga kuɗin azurfa da sunayensu, suna riƙe da mayaƙansu, har ma suna yaƙar juna.

Gaba Kura, Baya Sayaki

Da Farisa ta sha kashi a Girka, sai birnin Atina ya zama mai faɗa a ji a teku, ya kafa ƙawancen da kowane ɗan ciki yake biyansa kuɗi. Likiya ma aka ja ta ciki. Takardun harajin Atina, waɗanda aka rubuta a jikin dutse, sun nuna cewa a 446 K.M. Likiyawa sun biya talanti 10. Ba su daɗe ba suka daina. Wajajen 429 K.M. Atina ta aiko wani kwamanda mai suna Melesandaros da jirage shida ya karɓo kuɗi, ya shiga Likiya, aka kashe shi a can. Daga nan gidan sarautar Zantos ya sake jingina da Farisa.

Akwai wata hasumiyar dutse da har yau take tsaye a Zantos, wadda aka kafa wajajen 400 K.M. don tunawa da wani sarki na wannan gida. A jikinta akwai rubutu mafi tsawo da ya rage a harshen Likiya, fiye da layi 250, kuma an ambaci Melesandaros a ciki, an ambaci Tisafanis gwamnan Farisa na Sardis. Amma a tsakiyar wannan dogon rubutu an saka baitoci 12 da Girkanci, suna yabon sarkin da cewa ya kashe sojojin Girka bakwai a rana ɗaya. Wannan wuri ya daɗe yana ba ni mamaki. Sarki yana alfaharin kashe Girkawa, amma da harshen Girkawa ya ga ya dace a yi masa kirarin. A wannan gida aka haifi Arbinas.

Matashin Da Ya Ci Birane Uku

Arbinas ɗan Sarki Keriga ne, amma ba shi ya gaji mahaifinsa kai tsaye ba. Wani mai suna Kerei, wanda masana da yawa ke ɗauka ƙanen Keriga ne, shi ya hau. Duk kuɗin da aka samu masu ɗauke da sunan Arbinas a Telmesos aka buga su, watau Fetiye ta yau, can gefen yamma. Wannan ya sa ake ganin daga nan ya yi ƙarfi, kuma da takobi ya karɓi gadon ubansa.

Yawancin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga Letun, wurin bautar ƙasar baki ɗaya, 'yan kilomitoci kudu da Zantos. Masu haƙar kayan tarihi na Faransa sun fara aiki a wurin a 1962, suka tono duwatsun da aka taɓa ɗora mutum-mutumi a kansu, da rubutu a jiki, wani da harshen Likiya wani da Girkanci. Na Girkancin akwai waƙar yabo wadda wani mai duba, Simakos mutumin Felana ta ƙasar Girka, ya tsara masa kyauta. Waƙar ta ce tun yana matashi ya ci birane uku cikin wata ɗaya, Zantos da Finara da Telmesos mai tashar jiragen ruwa, ya jefa tsoro a zukatan Likiyawa, ya mallake su. Ta kuma yabe shi da hikima, da iya harbin baka, da jarumta, da gwanintar hawan doki.

Wannan jerin yabo ba a banza ya zo ba. Hirodotus ya ce abu uku Farisawa ke koya wa 'ya'yansu maza daga shekara biyar zuwa ashirin: hawan doki, harbin baka, da faɗin gaskiya. Ke nan mawaƙin Bagirke ne, harshen waƙar Girkanci, amma mudun da aka auna sarkin da shi na fadar Farisa ne. Arbinas yana so Girkawa su ji sunansa, yana kuma so gwamnan Sardis ya san cewa ga nasu a Zantos.

Zamanin ma ya taimake shi. A 386 K.M. Sarki Artazaksis na biyu ya tilasta wa biranen Girka wata yarjejeniya wadda ta amince cewa duk garuruwan da ke ɓangaren Asiya na Farisa ne. Atina ta janye hannunta daga gaɓar. Wanda yake da kyakkyawar alaka da Farisa a lokacin ba shi da fargabar kowa daga waje, sai abokan hamayyarsa na gida.

Kabarin Da Ya Haɗa Ƙasa Uku

A kan wani tudu da ke duban hanyar shiga Zantos aka gina wani kabari wajajen 390 zuwa 380 K.M., wanda akasarin masana suka yarda na Arbinas ne. In mutum ya san abin da yake kallo, zai karanta siyasar mai shi duka a jikin ginin.

Samansa ɗakin bauta ne irin na Girka, na dutsen marmara, da ginshiƙai huɗu a gaba da shida a kowane gefe, kuma aikin ya nuna hannun magina da masassaƙa Girkawa. Tsakanin ginshiƙan an tsayar da mutum-mutumin mata, iska tana kaɗa tufafinsu kamar yanzu suka fito daga ruwa, da kifi ko tsuntsun ruwa ƙarƙashin ƙafafunsu. Turawa suka ɗauka su ne Nerid, 'yan matan teku na tatsuniyar Girka, shi ya sa ake kiran ginin da sunansu. Wasu masana kuwa suna ganin Eliyana ne, 'yan ruwan da Likiyawa ke girmamawa a Letun.

An kewaye ginin da jeri huɗu na hotunan da aka sassaƙa a dutse. Akwai yaƙi, akwai sojoji suna kafa tsani a jikin ganuwa, akwai farauta, da yanka na bauta, da walima inda sarki ke kishingiɗe da ƙoƙon sha a hannu. A wani wuri an nuna shi zaune kan kujera cikin shiga irin ta Farisa, wani bara yana riƙe masa laima, dogarai na bayansa, dattawa biyu suna tsaye gabansa suna neman magana. A wani jerin kuma ga mutane sun yi layi suna kawo gaisuwa. Duk wanda ya san fadar Babban Sarkin Farisa zai gane cewa ita aka kwaikwaya, an dai rage mata girma. Can sama a goshin ginin an zaunar da shi da matarsa suna fuskantar juna, yadda Girkawa ke zana manyan allolinsu.

To ina Likiya a ciki? Tana ƙasa, ita ke ɗauke da komai. Wannan ɗakin bauta na Girka an ɗora shi ne a kan wani dogon dandamali, aka ɗaga mamacin sama yadda kakanninsa suka saba a hasumiyoyinsu. Babu Bagirken wancan zamani da zai yarda a binne mutum a ginin da ya yi kama da ɗakin allolinsa, kuma babu gwamnan Farisa da aka yi wa irin wannan. Arbinas ya ari riga daga gabas, ya ari gini daga yamma, ya ɗora su a kan al'adar gidansu, ya fito da abin da ba a taɓa gani ba.

Abin Da Ya Biyo Baya

Gidan bai daɗe ba bayansa. Arbinas ne sarki na ƙarshe da aka sani daga zuriyar Zantos. Daga gabashin ƙasar wani sarki ya taso a birnin Limira, mai suna Ferikilis, wanda ya kira kansa sarkin Likiya, ya ci Telmesos, ya kuma gina wa kansa kabari mai kama da ɗakin bauta a kan tsauni. A shekarun 360 K.M. gwamnonin Farisa na yamma suka yi wa Artazaksis tawaye, kuma an lissafa Likiyawa cikin masu tawayen. Da tawayen ya mutu, Farisa ta gajarta igiya. Ta kau da sarakunan gida, ta miƙa ƙasar ga gidan sarautar Kariya, maƙwabciyarsu ta yamma. Daga nan ba a ƙara buga kuɗi da sunan wani sarkin Likiya ba.

Wani dutse da aka tono a Letun a 1973, wanda yake gidan adana kayan tarihi na Fetiye, ya nuna yadda abin ya koma. An rubuta shi a 337 K.M. da harsuna uku: na Likiya, da Girkanci, da Aramiyanci wanda shi ne harshen ofis na Farisa. A ciki Fiksodaros na Kariya ne gwamna, shi ya naɗa hakimai biyu a Likiya, ya kuma sa nasa mutum a kan Zantos. Shekara uku bayan haka, a hunturun 334 K.M., Iskandar na Masidoniya ya iso. Telmesos da Finara da Zantos, biranen nan uku da Arbinas ya yi alfaharin ci, suka miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Kafin ƙarnin ya ƙare an daina rubutu da harshen Likiya. Abin da ya rage nasa a yau rubuce-rubuce ne kimanin 200 a jikin dutse, yawancinsu na kaburbura, sai sunaye a jikin kuɗi.

Ginin nasa kuwa ya haifi 'ya'ya. Mausolus na Kariya, wanda ya mutu a 353 K.M., an gina masa kabari a Halikarnasus, watau Bodrum ta yau, bisa wannan tsari na ginshiƙai a kan dogon dandamali, amma ya ninka na Zantos girma. Shi ne ya shiga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, kuma daga sunan mai shi harsunan Turai suka sami kalmar da suke kiran babban hubbare da ita. Masana suna lissafa kabarin Zantos a gaba cikin gine-ginen da suka share masa hanya.

Daga Zantos Zuwa Landan

Kabarin ya daɗe a tsaye kafin ya rushe, duwatsunsa suka warwatsu a gangaren tudun. A 1838 wani matafiyi ɗan Ingila mai suna Charles Fellows ya iso kangon Zantos. Ya koma gida ya ba da labari, gwamnatin Birtaniya ta nemi izini daga Sarkin Daular Usmaniyya, ta kuma ba shi jirgin sojan ruwa. A 1842 aka kwashe akwatuna 78 na sassaƙaƙƙun duwatsu, a 1844 aka ƙara wasu 27. A 1845 aka ba shi lambar girma ta Sir.

Yanzu an sake harhaɗa fuskar gabas ta ginin a babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan. A Zantos kuwa, wadda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tare da Letun a 1988, gindin dandamalin kawai ya rage. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Mutumin da ya kashe dukiya don duk mai shiga birninsa ya ɗaga kai ya gan shi, yau sai an je wata ƙasa da bai taɓa jin sunanta ba kafin a gan shi.

Me Ya Bari?

A ganina bai kamata a yi wa Arbinas hukunci da sauri ba. Mutanen farko na Zantos sun zaɓi wuta, aka yaba jarumtarsu, amma gidaje 80 kawai suka rage. Gidan su Arbinas ya zaɓi biyayya da dabara, kuma a ƙarƙashin wannan zaɓi ne Likiya ta yi mafi yawan gine-ginenta, ta buga kuɗinta, ta rubuta harshenta. Kusan duk abin da ake da shi na harshen Likiya a zamanin mulkin Farisa aka rubuta shi. Ashe durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Amma akwai wani gefen. Farisa ta mulki Likiya, in an cire ɗan lokacin Atina, kusan shekara 200, ta karɓi azurfa da jirage, ta bar musu harshensu. Girkanci kuwa, tun kafin Iskandar ya zo da soja, sarakunan Zantos da kansu suka buɗe masa ƙofar fada. Sun ci gaba da rubutu da nasu harshen, gaskiya ne, Arbinas ma ya yi. Sai dai sun nuna wa jama'arsu cewa in ana son magana ta yi nisa, in ana son waƙar yabo ta burge, da harshen baƙo ake yin ta. Abin da fada ta ɗaukaka shi masu kuɗi ke bi, abin da masu kuɗi suka bi shi ake koya wa yara. Da Iskandar ya iso, ya tarar an riga an yi masa rabin aikin. Shi ya sa yau waƙar Simakos ake karantawa a fahimce ta sarai, rubutun Likiya da ke jikin dutse ɗaya da ita kuwa masana na ta fama da shi kalma-kalma. Har sunan da duniya ta san shi da shi, Arbinas, na Girkawa ne.

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Na Arbinas ya rufe, har ya yi masa ado na shekaru fiye da 2,300, amma abin da ke ƙarƙashin rigar ne ya tafi. Mu da aka koya wa ilmin zamani da harshen wasu, muka ci moriyarsa, muke kuma renon 'ya'ya da jikoki a kai, ina ganin wannan labari ya isa mu tattauna a kansa idan mun haɗu a taronmu na gaba. Zan so in ji ra'ayin malamanmu na tarihi musamman, ko a shafin wasiƙu na fitowa mai zuwa.